Labarin Barikin Kuza da Littafin Tarihin Filato: Abin da Muka Gani Bayan Karatu

Malam Ibrahim (Bukuru): Assalamu alaikum jama'a. Tunda yawancinmu mun sauke littattafan nan biyu na wannan wata, ƙagaggen labarin da aka gina a barikin kuza a 1943 da littafin tarihin haƙar ma'adinai a Filato, bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai. Labarin yana da jan hankali, wannan babu musu. Amma babin da jarumin ya saci garin kuza ya zuba a tukunyar girki, ya hura wutar kara, kafin asuba ƙarfe ya narke ya tsiyayo, abin ba zai taɓa yiwuwa ba. Marubucin ya haɗa abu biyu ne. Ƙarfen kuza da aka riga aka tace yana narkewa a digiri 232, wutar murhu ma tana iya narkar da shi. Shi kuwa baƙin garin da ake wankowa daga rafi bai zama ƙarfe ba tukuna, ƙarfen yana ɗaure da iskar oksijin. Sai an cakuɗa shi da gawayi a cikin tanderu, ana zuga har zafi ya haura digiri 1,000, sannan gawayin ya janye oksijin ɗin, ƙarfe ya kwaranyo. Mutanen Ririwai sun san wannan sana'a tun kafin zuwan Turawa, da tanderun yumɓu da zugazugai suke yi, su zuba ƙarfen siri-siri a kai kasuwa. Da marubucin ya tambayi maƙeri ɗaya da ya tsira daga wannan.

Maman Ilham (Rikkos): Wa alaikumus salam. Malam, na yarda da ku a kan tukunyar, amma kada ta rufe mana ido. Babin da dagaci ya zauna ƙofar gida da takardar En'e yana kiran sunayen waɗanda za a ɗiba, iyaye mata na tsaye bayan zana suna sauraron ko za a kira nasu, littafin tarihin bai kawo mini ko kusa da shi ba. Shi ya ce an ɗebi mutane daga larduna, ya wuce. Labarin ne ya nuna yadda zaɓen yake faɗawa kan maraya da wanda bai gama biyan haraji ba da wanda ba shi da mai tsaya masa. Wannan ma ai gaskiya ce, kuma ita ce ta fi nauyi.

Malam Ibrahim (Bukuru): Haka ne Hajiya, kuma saboda wannan babin ne ma tukunyar ta dame ni. Mai karatun da ya san aikin kuza, da zarar ya kama marubuci da kuskure irin wannan, sai ya fara shakkar babin dagacin, alhali shi yana da tushe. Bayan Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ta matsa wa Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna, wato ɗibar mutane aikin haƙar kuza na tilas, ta hannun En'e da hakimai da dagatai. Duk wannan marubucin ya riƙe shi daidai.

Ɗanjuma (Unguwar Rogo): Ni wurin jirgin ƙasa ne ban gane ba. A labarin an ce an loda leburorin a Zariya, jirgi ya kawo su Jos kai tsaye. Ai layin Jos ta Kafanchan yake bi, ko ba haka ba?

Alhaji Shu'aibu (Dilimi): A'a ɗana, a nan marubucin ne ke da gaskiya. Layi biyu ne a wancan lokacin. Akwai ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya hau dutse ya iso Jos da Bukuru a 1914, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, yayin da babban layi yake ƙafa 3 da inci 6. Saboda wannan bambancin tarago ba ya tsallakawa daga wannan zuwa wancan, dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Na Kafanchan da ka sani shi ne ya iso Jos a 1927, ya haɗa filin kuza da Fatakwal. Ƙaramin kuma bai daina aiki ba sai 1957, shi ya sa 'yan bayan nan ba su san shi ba. Mutumin Zazzau a 1943 zai iya hawansa. Kafin jirgin gaba ɗaya kuwa, a ka ake ɗaukar buhunan kuza har Loko a bakin Binuwai.

Bilkisu (Nasarawa Gwom): Baba Alhaji mun gode. Nawa ƙorafin kuɗi ne, kuma ya bi littafin labarin daga farko har ƙarshe. Duk inda aka yi lissafi, marubucin yana ɗaukar sule ɗaya kwabo 10 ne. Ku duba ranar biya, inda helima, wato shugaban leburori, ya zare kwabo 5 ya ce ya ɗauki rabin sule. A 1943 sule kwabo 12 ne, rabinsa sisi, wato kwabo 6. Taro kwabo 3, fam sule 20, ƙasa da kwabo kuma akwai ɗari, rabin kwabo ke nan, da anini wanda 10 ke yin kwabo. Inda ruɗanin ya samo asali a fili yake: da aka canza kuɗi a Janairun 1973 fam ɗaya ya koma naira 2, sule ya koma kwabo 10, mutane suka ci gaba da kiran tsabar kwabo 10 sule. Wanda ya tashi bayan canjin, haka kansa zai lissafa in bai kiyaye ba.

Abin da ya sa na damu shi ne labarin kacokan a kan bashi ya tsaya. Jarumin yana cin tuwo bashi wurin mai abinci, yana bin helima, ana binsa haraji a gida. In lissafin bai daidaita ba, mai karatu ba zai ji yadda igiyar take shaƙe shi mako bayan mako ba. Gyaran ba shi da wuya. Marubuci ya ware takarda guda ya rubuta abin da jarumin yake samu a mako, abin da yake fitarwa na dawa da gishiri da itace, da abin da ya rage, duka da fam da sule da kwabo, ya riƙa komawa kanta a kowane babi. Ba sai ya sa takardar a littafin ba.

Maman Ilham (Rikkos): Ƙanwata wannan kam kin kama shi. Amma mai karatu nawa ne zai tsaya yana ƙirga sisi?

Bilkisu (Nasarawa Gwom): Anti, tsofaffinmu da suka kashe sisi da hannunsu suna nan da ransu, kuma jikoki suna karanta musu. Su za su fara ji.

Baba Pam (Rayfield): Sannunku da ƙoƙari. Ina bin maganar tun ɗazu, kuma abin da ya fi ci mini rai babu wanda ya taɓo shi tukuna. A cikin labarin, filin kuza kamar daji ne da ba shi da mai shi, kamfani ya zo ya kafa bariki, leburori suka zo. To gonar wa aka haƙa? Ƙauyukan Berom suna nan da shingen ƙerana da gonakin acca tun kafin kamfanin Neja ya turo mutanensa a farkon shekarun 1900 su kafa sansani a Naraguta. Yadda aikin yake, ba rami ɗaya ake yi a tafi ba. Yashin da ke ɗauke da kuza yana kwance ne a tsohuwar hanyar ruwa, ƙasa ta binne shi. Sai an kwashe duk ƙasar da ke samansa, wani wuri ƙafa kaɗan, wani wuri mai zurfin gaske, a tara ta gefe ta zama tudu. Ƙasar noma mai kyau ita ce ta sama, ita ake fara kwashewa, sai ta koma ƙarƙashin tudun, jar ƙasa da tsakuwa su hau kanta. Sannan a tare rafi a karkatar da shi zuwa wurin wanki, ruwan da ya fito ya gangara da laka ya shafe fadamar da ke ƙasa. Gona ɗaya aka ba kamfani a takarda, uku suka lalace. Ramin kuma in an gama ruwa ya cika shi, su ne tafkunan da ke tsakanin Rayfield da Bukuru har Barikin Ladi, waɗanda har yau suke cin yara da dabbobi.

Littafin tarihin ya yi wannan adalcin, ya ware babi a kan ƙasa da diyya. Labarin kuwa mutum ɗaya tak ya ba mu daga masu ƙasar, tsoho mai sayar da itace, shi ma bai yi magana ta wuce layi biyar ba. Ba cewa nake a mai da labarin na wasu ba. Amma leburan da aka raba da gonarsa a Zazzau, aka kawo shi ya haƙe gonar wani manomi irinsa, in su biyun suka haɗu suka yi magana, ai nan ne zuciyar littafin take, kuma marubucin ya wuce ta gefenta.

Malam Ibrahim (Bukuru): Baba Pam, wannan ta fi tukunyata nauyi nesa ba kusa ba.

Anti Ladi (Tudun Wada): Baba ya faɗi tawa, sai in ƙara ta mata. Littattafan biyu duk sun gaza a nan, kowanne ta hanyarsa. Labarin ya ba mu mace ɗaya, budurwar da ake jira a gida, ya kashe mata kusan kashi ɗaya cikin uku na shafuka tana tagumi. Na tarihin kuma da ƙyar mata suka fito, domin daga rajistar kamfani da rahoton jami'an mulkin mallaka ya ɗebo yawancin bayanansa, su kuwa wanda aka rubuta sunansa a littafin biya kaɗai suka sani. Alhali mata suna ɗaukar ƙasa a kwano, suna wanki a bakin rafi, su ke dafa abincin da bariki ke ci. Wankin ma gwaninta ne, ba ƙarfi ba. Garin kuza ya ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, shi ya sa in aka juya ƙwarya cikin ruwa yashi ke fita ta baki, baƙin gari ya kwanta a gindi. In hannu ya yi sauri, mai laushin ya bi ruwa an yi asara. In ya yi sanyi, yashi ya zauna, a wurin awo a ce kayan ba su da tsabta a rage kuɗi. Mace mai wannan hannun ita ya kamata a ba shafukan tagumin.

Ɗanjuma (Unguwar Rogo): Anti, tunda kin taɓo na tarihin, akwai abin da ya rikita ni. A wani babi ya ba da adadin tan na shekara guda, a jadawalin baya kuma adadin wannan shekarar ya ragu sosai. Kuskuren bugu ne?

Malam Ibrahim (Bukuru): Ba lallai ba ne. Duba kan jadawalin da kyau ka ga me ake aunawa. Akwai nauyin garin kuza da aka wanke aka zuba a buhu, akwai nauyin ƙarfen da ke cikinsa. Ko garin da ba shi da gauraye ko kaɗan, ƙarfen da ke ciki bai kai kashi 79 cikin 100 ba, wanda ake fitarwa kuwa yakan faɗo kashi 70 da 'yan kai. Ka ga tan 100 na gari zai ba da tan 70 da wani abu na ƙarfe. In adadin biyu da ka gani sun bi wannan rabon, duka daidai ne, laifin marubucin shi ne bai faɗa ba. Abu na biyu, tan ɗin Ingila na wancan zamani laba 2,240 ne, kimanin kilo 1,016, ba 1,000 cif ba. Bambancin ƙarami ne amma yana fitowa in an tara dubbai. Kuma a 1943 gari ake fitarwa zuwa Ingila a narkar a can, masana'antar narkarwa ta Makeri da ke Jos sai farkon shekarun 1960 ta fara aiki, saboda haka alƙaluman tashar jirgin ruwa na lokacin yaƙi na buhunan gari ne.

Bilkisu (Nasarawa Gwom): Wannan ita ce matsalata da littafin tarihin gaba ɗaya. Ya san abu da yawa amma ba ya riƙe hannun mai karatu. Ga yadda ya fi sauƙin bi: duk inda ya kawo magana mai nauyi, musamman yawan waɗanda suka mutu, a je bayanin ƙarshen babi a ga daga ina ta fito, wa ya rubuta, a wace shekara. Rahoton da jami'i ya aika wa na gaba da shi a tsakiyar yaƙi, lokacin da ake nema a ƙara yawan kuza ko ta halin ƙaƙa, ba a karanta shi kamar rahoton likitan da ya ga gawarwakin. Kuma adadin mutuwa a bariki bai ƙunshi wanda ya gudu ya mutu a hanya ba, ko wanda aka sallama da ciwon ƙirji ya ƙarasa a gida. Marubucin ya faɗi wannan sau ɗaya a cikin ƙaramin bayani, alhali a tsakiyar babin ya kamata ya zauna.

Maman Ilham (Rikkos): To kun gani, nan ne labarin ya cike giɓin. Abokin jarumin ai a hanya ya mutu, babu wanda ya rubuta shi. Kuma sanyin da aka kwatanta gaskiya ne. Jos tana sama da mita 1,200, mutumin da aka ɗebo daga ƙasa mai zafi da 'yar riga ɗaya, ya wuni tsaye cikin ruwa, ya kwana a bukkar ciyawa cikin hunturun Disamba, ciwon haƙarƙari ba zai bar shi ba. Ni har yanzu ina kan bakata, duk wanda ya karanta na tarihin shi kaɗai ya san adadi ne, bai san mutanen ba.

Baba Pam (Rayfield): Wanda ya karanta labarin shi kaɗai kuma zai ɗauka kowa a bariki Hausar birnin Kano yake yi. Bariki ya tara Hausawa da Barebari da Tibi da Berom da Angas da mutanen kudu masu aikin akawu da kanikanci. Hausa ce ta haɗa su, amma kowa da irin tasa. Ba sai an lalata maganar mutum don a nuna baƙo ne ba, wannan yakan koma ba'a. Alama ɗaya ko biyu ta isa, kamar yadda wasu ba sa raba namiji da mace a jimla, ko gaisuwar da mutum zai sako da harshensa, sauran a bar shi ya yi magana mai ma'ana kamar kowa.

Anti Ladi (Tudun Wada): Wuri ɗaya da na yaba ƙwarai shi ne kan mutum-mutumin yumɓu da leburan ya tono a cikin yashi ya rasa me zai yi da shi. Marubucin bai sa shi ya kai gidan tarihi ba, kuma ya yi daidai, domin gidan tarihin Jos sai 1952 aka buɗe shi. A aikin kuza ne aka fara tono irin waɗannan a kusa da ƙauyen Nok a 1928, sannan a shekarun yaƙin aka kai wa Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, wani kan mutum-mutumi da aka samu a wajen Jama'a, daga nan aka gane al'ada guda ce ta mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Wannan ya nuna marubucin yana bincike in ya ga dama.

Alhaji Shu'aibu (Dilimi): Bari in sako maganar jikin littafin, tunda mutum uku sun turo hoton shafuka suna zubewa. Ba laifin mai riƙo ba ne. An yanke gindin takardun an shafa gam mai zafi aka manna bango, ba tare da an karce gindin ba balle a ɗinke. Littafin da ya haura shafi 200, in ana so ya jure, a naɗe shi kashi-kashi na shafi 16, a ɗinke kowane kashi da zare, sannan gam ya biyo baya. In kuɗi bai kai ɗinki ba, aƙalla a karce gindin gam ya samu wurin shiga, a kuma bar shi ya huce kafin a yanke gefe. Iskar hunturun nan tamu tana busar da gam maras kyau ya tsage tun buɗewar farko. Sai haruffa masu lanƙwasa: daga tsakiyar littafin ƙ da ɗ da ɓ sun koma wani salon rubutu daban, wasu wuraren ma sun zama k da d da b. Wannan yana faruwa in salon harafin da aka zaɓa ba shi da su, kwamfuta ta aro daga wani. Kafin a kai wurin bugu a mai da aikin PDF da haruffan a cikinsa, a buga kashi ɗaya na gwaji, wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta da biro a hannu.

Ɗanjuma (Unguwar Rogo): Allah ya ƙara girma Baba. Tambaya ta ƙarshe ga Malam Ibrahim. A babin rufewa helima ya yi arziki da wani baƙin gari da ake zubarwa a bayan wurin wanki, aka ce ya fi kuza tsada. Wannan ƙirƙira ce ko akwai shi?

Malam Ibrahim (Bukuru): Akwai shi, kolumbait ke nan. Tare suke fitowa da kuza, dukansu baƙaƙe masu nauyi, shi ya sa ruwa kaɗai ba ya raba su da kyau. Sai an busar da garin an bi da shi ta injin maganaɗisu mai ƙarfi, kolumbait ya ɗan bi maganaɗisun, garin kuza ya wuce abinsa. Da farko datti ake ɗaukarsa domin yana rage wa kuza daraja a awo. Inda marubucin ya yi gaggawa shi ne lokaci. Tashin farashin da ya sa aka koma ana sake wanke tsofaffin tudun yashi a shekarun 1950 ya zo, lokacin da Amurka take saye tana tarawa saboda ƙarfen injin jirgin sama mai jure zafi. A 1944 helima ba shi da injin rabawa, ba shi da lasisin sayarwa, kuma duk abin da ya fito daga filin na mai hayar filin ne a doka. Da an ɗaga babin zuwa shekara 10 gaba, aka sa shi ya zama ɗan kwangilar da ke tara wa kamfani, da ya zauna daram.

Maman Ilham (Rikkos): In an ɗaga shi shekara 10 kuma sai a nuna mana jarumin ya koma gida ko ya zauna. Da yawa ba su koma ba, a Bukuru da Barikin Ladi da Dorowa suka yi aure suka haifi 'ya'ya. Littafin ya tsaya a tashar jirgi bai faɗa mana ko ya hau ba, ni kuma wannan ne kaɗai wurin da nake ganin marubucin ya guje wa aikinsa. Baba Pam, a wane babi ne na tarihin ya yi maganar waɗanda suka zauna bayan yaƙi? Ina so in sake duba shi kafin zaman Asabar.

Baba Pam (Rayfield): Babi na biyun ƙarshe ne 'yata, bayan jadawalin albashi. Ki haɗa da na diyyar gonaki ki karanta su a jere, domin shekarunsu ɗaya ne, marubucin ne ya raba su.